Gishirin da Tasalla Ta Jiƙa

Duk wanda ya ci kasuwar Roni a shekarun nan na bayan samun 'yanci ya san Tasalla mai fura, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar Bafulatanar nan mai zama a gindin tsamiya, wadda ludayinta ba ya jin magana. Ka ce ta dama maka ta kwabo, sai ta dama maka ta kwabo biyu, ta kuma harare ka in ka cika godiya. Sauran masu nono sun yi mata faɗa har sun gaji, wai tana ɓata musu ciniki. Ita kuwa ba da gayya take yi ba, Allah ne ya yi ta da hannun da bai san kaɗan ba. Ko ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu aka ba ta reno, kafin wata uku sai ya fi masu uwa ƙiba.

Ranar Sallah aka haife ta, shi ya sa sunan ya bi ta. Ta auri Mamuda tun ana biyan jangali da sulalla, suka zauna a wata ruga da ke tsakanin duwatsu, tafiyar sa'a guda da 'yan kai daga Roni. Suna noma gero da gyaɗa, suna kiwon shanun da ba su kai a yi alfahari da su ba, ba su kuma kai a raina su ba. Ta haifi shida, huɗu suka rayu. Maza uku suka bi shanu da kasuwanci, auta Mairo aka kai ta Gwiwa. A gidan kuma akwai Adda, yayar Mamuda, wadda ta dawo da zama tun rasuwar mijinta. Doguwa ce, mai ciwon gwiwa da kaifin harshe. Ita da Tasalla sun yi shekara ashirin a tsakar gida ɗaya, ba su taɓa zama ƙawaye ba, ba su kuma taɓa kwana da gaba ba.

Kada hankalin kowa ya tashi tun yanzu. Mamuda bai mutu a ciwon da za a ba da labarinsa ba, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya yana cin tuwo yana mita. Abin da ya kusa mutuwa shi ne sunan Tasalla.

Mamuda yana da wata ɗabi'a da ya gada daga mahaifinsa: ba ya ba saniyarsa abin da bai fara sa wa a bakinsa ba. Kanwa ce, ya lasa. Saiwa ce aka jiƙa, ya kurɓa. Cewa yake yi saniya ba ta da bakin da za ta ce abu ya yi ɗaci, dole mai ita ya ji mata. Da allura ana ɗanɗanawa, da ya ɗanɗana.

A shekarar farin nan da ta zo daidai da fitowar naira, ciyawa ta ƙare ƙaf. Shanu suka koma cin busasshen kara da tsumma da ƙasa, cikinsu ya riƙa ɗaurewa suna faɗuwa. Malamin dabbobi ya zo da wani farin gishiri mai ɗaci, mai kama da ƙananan allurai, ya nuna musu yadda za su narka tafi biyu a kwalbar ruwa su ɗura wa saniya. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa na dabba ne. Gishirin nan ya ceci shanu bakwai a garken Mamuda, har da Saige, wadda ya fi ƙauna. Tun daga ranar ake kiran abin gishirin shanu, kuma ba wanda ya isa ya kushe shi a gaban Mamuda. Da farin ya wuce, sai ragowar rabin buhu ta zauna a ɗakin Tasalla, a bayan tukunyar ruwa.

Shekara biyu bayan haka, lokacin da malaman makaranta suka samu ƙarin albashin Udoji suka cika hanya da babura, Mamuda ya fara fama da taurin ciki. Shekaru sun ja, ƙafafunsa suna ɗan kumbura, fitsari ya ragu, amma bai ɗauki waɗannan a bakin komai ba. Cikin ne ya dame shi. Wata safiya ya ce, "Tasalla, ɗan jiƙa min gishirin nan. Abin da ya buɗe cikin Saige ai ba zai gagari nawa ba."

Ta jiƙa masa ɗan tsunkule, ya sha yana yamutsa fuska, kafin azahar ya yi wasai. Adda ma da ta ga haka ta karɓa ta sha sau biyu, ta ce ba laifi, ko da yake ita ta fi yarda da tsamiyarta. Shi ke nan sai abin ya zama na kullum. Kuma wa ke jiƙawa? Tasalla. Tsunkule ya zama cokali, cokali ya zama ludayin kunu. Ba wai ta yanke shawarar ƙarawa ba ne, hannun ne kawai ya yi halinsa.

Kafin damina ta tsaya, Mamuda ya zama wani mutum daban. Mutumin da kan riga zakara tashi, sai ga shi hantsi ya dube shi a kwance. Ya tashi zai kama ruwa, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Fuskarsa ta riƙa yin zafi ba zazzaɓi, magana tana fita a hankali kamar yana jawo ta da guga. Abin da ya fi ruɗa Tasalla shi ne cikin da ake wa magani sai ƙara ɗaurewa yake yi. Ta ga ai maganin ne ya yi kaɗan, ta ƙara.

Ana cikin haka Mairo ta haihu a Gwiwa. Tasalla ba ta so tafiya ba, Mamuda ne ya matsa mata. Ta nuna wa Adda inda buhun yake, ta yi mata bayani har sau uku. Adda ta ce to, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa buhun ba, don ita ba za ta sunkuya bayan tukunya da wannan gwiwar ba. Kwana tara Tasalla ta yi. Da ta dawo ta tarar da mijinta a zaune a inuwar rumbu yana tufka igiya, har yana yi wa kaji tsawa. Daɗi ya kama ta, ta ajiye kaya ta yi ta hamdala. Washegari da safe ta jiƙa masa gishirinsa, don kada ciwon ya samu hanyar dawowa. Kwana huɗu tsakani ya koma tabarma.

Karo na biyu ita ce zazzaɓi ya kayar. Mako guda tana ɗaki, Adda ke yin komai. Mamuda ya sake miƙewa, har ya taka zuwa bakin garke. Tasalla ta warke, ta karɓi aikinta, ya sake kwanciya.

To, Adda ba makauniya ba ce. Ta zauna ta haɗa wannan da wancan, kuma a gaskiya lissafinta bai yi kuskure ba, fassararsa ce ta karkace. Gishiri dai ba zai zama shi ne ba, tunda ita ma ta sha ta ga lafiya, kuma na hukuma ne, kuma ya ta da shanu bakwai. Ashe ke nan akwai wani abu da ake haɗawa da shi. Ba ta faɗa da ƙarfi ba. A bakin rijiya ta faɗa wa mace ɗaya, da sharaɗin kada ta gaya wa kowa, wanda duk mai hankali ya san hanya ce mafi sauri ta sanar da gari.

Tasalla ta fara gani a kasuwa. Masu zuwa da ƙwaryarsu tun shekara goma sha biyar suka riƙa gaishe ta daga nesa suna wucewa. Ta koma gida da rabin nono, ta ce ko zafi ne ya sa ya yi tsami. Kasuwa ta zagayo, ta koma da shi kusan duka. A ranar ne Adda ta tare ta a ƙofar ɗakin Mamuda.

"Daga yau ni zan riƙa ba shi abinci da ruwa."

"Adda, wani abu na yi?"

"Ban ce kin yi ba. Na dai ga in kina nan yana kwance, in ba kya nan yana tsaye. Ke ma ai kina da ido."

Maganar ta shiga Tasalla kamar ƙaya. Abin da ya fi ciwo shi ne ta duba ta ga gaskiya ne. Shekara talatin da biyar tana dafa wa mutumin nan, ba ta taɓa kai masa ruwa a ƙwaryar da ba ta wanke sau biyu ba, yau ga shi ana nuna hannunta, ita kuma ba ta da abin da za ta kare kanta da shi. Ta shiga tsoron kanta. Ta riƙa kallon tafin hannunta tana tunanin ko wani mugun abu ne ya shige ta ba ta sani ba.

Ta ja gefe, Adda ta riƙe jinya. Mamuda ya ɗan farfaɗo, wanda ya ƙara wa masu magana ƙarfin baki. Sai dai cikinsa ya yi kwana biyar a ɗaure, ya yi tauri kamar tulu, yana nishi. Wata safiya da Adda ta fita tsinko ganyen sabara, ya kira matarsa da 'yar muryar da ta rage masa.

"Tasalla, za ki bar ni haka? Jiƙa min gishirin nan."

"Malam, Adda ta hana."

"Adda ce ta aure ni?"

Nan fa zuciyarta ta karye. Ta ga kwana biyar bai sha ba, ta ce bari ta rama masa abin da ya rasa, ta zuba tafi biyu cif, awon saniya. Ya shanye. Tana riƙe da kofin Adda ta shigo. Kallon da Adda ta yi mata ya isa.

Kafin rana ta take, Mamuda ya daina amsa kira. Numfashinsa ya yi nisa, sai an kai kunne ake jin sa. Maƙwabta suka taru, wani ya fara gyara masa kwanciya yana fuskantar da shi gabas. Tasalla ce ta ƙi. Matar da ba a taɓa jin muryarta ta wuce danga ba, ranar ta yi ihu ta ce a ɗaura amalanke. Aka kai shi bakin titi, Allah ya kawo wata a-kori-kura da ta sauke gyaɗa za ta koma Kazaure. Adda ta shiga ta rungume kan ƙanenta. Tasalla ta zauna can wajen ƙafafu, da kofin a hannunta da ɗan ƙullin gishiri a bakin zane. Ta riga ta yanke cewa ko me za a yi mata, sai ta nuna abin da ta ba shi.

A asibitin Kazaure suka samu malamin asibiti mai suna Muhammadu Lawal, wani siriri mai gilashi wanda ba ya gaggawar magana. Ya riƙe hannun Mamuda yana duban agogo, ya ɗaga fatar idonsa, ya danna ƙafarsa ya ga yatsa ya bar rami. Sannan ya sa aka lanƙwasa ƙafar, ya ɗauko wata 'yar guduma ta roba ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwar. Ƙafar ba ta motsa ba. Ya gwada ɗayar, ita ma shiru.

"Me yake sha?"

Adda ta ce, "Tambayi wannan."

Tasalla ta kwance bakin zanenta. Malam Lawal ya ɗan taɓa gishirin a harshe, ya tambayi yawan da ake ba shi da tun yaushe. Da ta nuna masa tafi biyu, sai ya cire gilashinsa ya ce, "Inna lillahi." Ya juya ya ɗaura wa Mamuda ƙarin ruwa, ya yi masa wata allura a jijiya a hankali, ya ƙara wata wadda ya ce ta sa fitsari ce. Sai da ya ga ƙirjin ya fara ɗagawa sosai sannan ya fito da su baranda.

"Malam, gaya min gaskiya," in ji Tasalla. "Ni ce?"

"Gishirin ne, Inna."

"Ai ni na jiƙa."

Adda ta ce, "Ba gishirin ba ne. Ni ma na sha, ga ni a tsaye. A dai bincika abin da ke cikin kofin."

Malam Lawal ya karɓi kofin ya sansana, ya lakaci farin da ya bushe a gindinsa ya ɗanɗana, ya miƙa wa Adda ya ce ita ma ta ɗanɗana. Ba komai sai ɗacin da ta sani.

"Goggo, ki saurare ni," in ji shi. "A cikin gishirin nan akwai wani sinadari, maganiziyam muke ce masa. Ba guba ba ne. Jikin kowa yana da shi yana kuma bukatarsa, yana cikin geron da waken da gyaɗar da muke ci. In ya yi ƙaranci, jijiyoyi su riƙa ɗaurewa, mutum ya yi ta karkarwa. In ya yi yawa kuwa, sai ya kwantar da komai, ƙafa da numfashi har da bugun zuciya. Ƙoda ce ke fitar da rararsa ta fitsari. Ke taki lafiya lau take, kuma sau biyu kika sha. Shi tasa ta gaji. Ya taɓa yin tsagiya?"

Adda ta ce, "Tun muna yara. Duk yaron da ke kai shanu tafki ai yana fitsarin jini, ba a ɗauke shi ciwo ba."

"To mai yiwuwa tun nan ƙodar ta fara wahala. Abin da yake sha ba ya fita duka, taruwa yake yi. Har hanjin ma ya kwantar, shi ya sa Inna tana ƙarawa ciki yana ƙara ɗaurewa. In ta yi tafiya aka daina ba shi, sai jikin ya samu sararin fitar da shi kaɗan-kaɗan. Abin da kika gani gaskiya ne, Goggo. Amma da wani abu aka sa masa da mugun nufi, ba za a ƙullo shi a bakin zane a kawo min ba."

Tasalla ta sulale ta zauna a ƙasa. Ita kanta ba ta san ko kukan me take yi ba, na cewa hannunta ne, ko na cewa ba abin da take tsoro ba ne. Amma sauƙi ya fi yawa, wannan kam ta sha faɗa daga baya. Ta ce ji ta yi kamar an sauke mata tulun da ta yi wata uku tana ɗauke da shi.

Da la'asar Mamuda ya buɗe ido. Washegari aka ƙwanƙwasa gwiwar, ƙafar ta yi tsalle har ta kusa samun Malam Lawal a haɓa, duk ɗakin aka yi dariya. Da aka yi wa Mamuda bayani, sai ya dubi yayarsa ya ce, "Adda, ni na ce ta ba ni. Tun farko ni ne, ranar nan ma ni ne. In akwai wanda za a kama, ga ni a kwance, ba sai an yi gudu ba." Malam Lawal ya yi masa faɗa sosai, ya ce shi ba saniya ba ne, kuma daga yau ba gishirin shanu, ba farin maganin ƙwannafi na kwalba, ba kanwa mai yawa, sai ya riƙa zuwa ana duba ƙodar. Mamuda ya amsa da to, a fuskarsa kuwa kana gani ka san an taɓa masa Saige.

Kwana shida aka sallame su. Tasalla da kanta ta ɗauki ragowar buhun ta mayar wa malamin dabbobi. Gida ya daidaita, sai dai kasuwa ba ta daidaita ba. Magana ta riga ta yi nisa, kuma bayanin ƙoda ba ya tafiya da sauri kamar zancen sammu. Tasalla ta ci gaba da zuwa gindin tsamiya tana zama da nononta tana korar ƙuda. Adda ba ta ba ta haƙuri ba. Ba a taɓa jin Adda ta ba wani haƙuri ba tun da aka haife ta, kuma Tasalla ba ta sa rai ba.

Ranar kasuwa ta uku, rana ta fara zafi, sai ga wata doguwar tsohuwa ta ɓullo ta wajen 'yan hatsi tana dogara sanda. Adda ce, wadda ta yi shekara shida ba ta taka Roni ba saboda gwiwa. Tafiyar sa'a guda ta yi ta a sa'a uku. Ta ratsa ta gaban masu nono ɗaya bayan ɗaya ba ta kalli kowa ba, ta zo ta zube a gaban Tasalla tana haki.

"Ke, dama min."

"Adda, me ya fito da ke? Ai da kin jira na kawo miki gida."

"A gida wa zai gan ni?"

Tasalla ta dama, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Adda ta karɓi ƙwaryar ta juya ta fuskanci kasuwa sosai, ta sha a hankali, ludayi bayan ludayi, tana tsayawa tana amsa gaisuwa don kowa ya gani da kyau. Da ta hango matar nan ta bakin rijiya, sai ta ɗaga murya.

"Uwa! Zo nan. Maganar da na gaya miki ƙarya na yi, ban sani ba na faɗa. Yadda kika kai waccan gida-gida, haka za ki kai wannan. Zauna ki sha."

Uwa ta zo tana sunkuyar da kai, ta zauna, ta miƙa ƙwaryarta. Bayanta wata ta zo, sannan wani mai awon gero ya aiko da kwanonsa. Kafin azahar nono ya ƙare.

Da yamma Tasalla ta ɗora ƙoren da ba komai a ka, ta ba Adda kafaɗarta ta dafa, suka kama hanyar gida a hankali. Adda tana ta mitar duwatsu da gwiwa da mutanen Roni marasa kunya, Tasalla tana amsa mata da to.